Wanda Aka Ci Ya Tashi

A gidan yayana Roscoe, nan Detroit, doka ɗaya ce a teburin karta: wanda aka ci ya tashi. Ko kai fasto ne, in an lallasa ka da abokin wasanka sai ku ba na gaba kujera, ku koma jikin bango kuna kallo har layi ya sake zagayowa. Shi ya kafa dokar tun yana aiki a kamfanin motoci, kuma ba wanda ya kai shi jin daɗin zartar da ita. Duk Lahadi in an taso daga coci, an ci soyayyen kifi da gurasar masara, sai a sauka ɗakin ƙasa a buɗe wasan kartar da ake kira wist, biyu suna karawa da biyu.

Ni dai gaskiya ba kartar ce ke kai ni ba, bakin Yaya ne. Mutumin nan in ya riƙe babban joka, wato kartar da ke cinye kowa, sai ya lasa bayanta ya manna a goshi, ya zuba maka ido. In ya tashi bugawa, sai kofuna sun yi tsalle a kan tebur.

"Vernell, ƙanwata, tashi ki ɗan miƙe ƙafa," haka yake ce mini. "Likita ya ce zama ba ya yi miki kyau."

Na sha hawa mota ina rantsuwar ba zan sake taka gidan ba. Ina! Lahadi na zagayowa ni ce ta farko a bakin ƙofa.

Sai ga shanyewar ɓarin jiki ta same shi a farkon sanyi. Hannun dama ya tafi, ƙafa sai da sanda, magana kuma ta maƙale, kalma ɗaya sai ya yi gumi kafin ta fito. Da ya ɗan farfaɗo, tsohon abokinsa Lucius ya sassaƙa masa katako mai tsaga, inda zai jera kartarsa ya riƙa zara da hagu. Ranar da za a koma wasa, matarsa Odessa ta ja mu kicin, ni da Lucius, ta rage murya.

"Don Allah ku bar shi ya ci. Abin da ya rage masa ke nan."

Wa zai ce wa matar nan a'a? Ta rame kamar ita ce mai jinyar. Muka ce to.

Aka zauna, shi da Odessa, ni da Lucius. Ɗaki tsit kamar gidan makoki. Yaya ya aje sarki, Lucius ya bi shi da 'yar ƙaramar karta yana cewa, "Kai, ka iya, ɗan'uwa, ka iya." Lucius fa, wanda shekara da shekaru bai taɓa yabon Yaya ba ko a mafarki! To amma ita karta ba ta rufa asiri, duk abin da ka ɓoye sai ya fito a ƙarshe. Zagayen ƙarshe, hannun Lucius ba sauran komai sai babban joka, dole ya aje shi.

Yaya ya dubi jokan nan, ya dubi Lucius, ya dube ni. Jikinsa ne ya shanye, lissafinsa na nan daram. Ya sa hannun hagu ya ture katakon, kartoci suka watse a ƙasa. Ya ja sandarsa ya hau sama, bai bari kowa ya taɓa shi ba.

Daga ranar bai sake saukowa ba. Yana zaune bakin taga yana kallon ƙanƙara tana rufe motoci. Motsa jikin da likita ya ba shi ya daina, abinci sai ya tsakura. Odessa ta kira ni tana kuka, ta ce mutum ne yake tafiya a hankali a gaban idonta. Raina ya ɓaci, da ita, da Lucius, da ni kaina. Mun je gyaran gira mun tsone ido.

Lahadin da ta biyo baya na hau sama na tsaya masa a ka, hannu a ƙugu.

"Yaya, a ƙasa ana ta cewa tsoro ne ya hana ka saukowa. Na ce a'a, wayo ne. Ka san yau ba mai ɗaga maka ƙafa, shi ya sa ka laɓe a bayan ciwo."

Odessa ta dafe ƙirji. "Haba Vernell! Ba ki da tausayi ne?"

"Na bar shi a coci, Anti."

Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan karkace. Ya miƙa hannu ya laluɓo sanda.

A kan matakala na raɗa wa Lucius cewa in ya sake ɓoye joka, da katakon nan zan rotsa masa kai. Aka raba karta. Yaya ya shiga wasa da zafinsa, ya kwashe zagaye biyu a jere, har ya ɗaga karta ya buga da hagu. Ba ƙarfi kamar da, amma cokali ya yi ƙara a cikin kofi.

"Au, dama da sauranka?" in ji Lucius. "To bari mu kwashe sauran."

'Yan jikin bango suka fashe da dariya, ɗaki ya dawo ɗakin da na sani. Aka yi ta fafatawa, su ci, mu ci, har aka zo gaɓar da za ta raba gardama. Yaya ya aje sarauniyarsa yana ƙyalla ido, shi a dole ya gama da mu. Ni kuwa ina da sarkinta a hannu. Odessa ta kafe ni da ido tana roƙo ba magana. Na ɗaga sarkin nan na maka shi a tebur.

Wasa ya ƙare, an ci su Yaya. Wani daga jikin bango ya ce, "A'a, ya yi zamansa, mu ba sauri muke ba."

Zuciyata kamar ta fashe, don yayana ne, shi ya goya ni zuwa makaranta muna yara. Amma na haɗiye, na nuna masa bango da haɓa.

"Tashi, Yaya. Likita ya ce ka riƙa miƙe ƙafa."

Ya dafa tebur, ya yunƙura, ya koma. Lucius ya kai hannu, Yaya ya harare shi har sai da ya janye. Ya sake yunƙurawa ya miƙe. Ya ja ƙafa a hankali har jikin bango, aka turo masa kujera ya ture ta da sanda, ya tsaya a ƙarshen layi inda duk wanda aka ci yake tsayawa. Bakinsa ya yi ta kokawa da wata magana, mu kuwa muna jira. Ya nuna ni da sanda.

"Ki... jira... ni."

Odessa ta rufe fuska da tsumman goge tebur, kuka take ko dariya, ita ma ba ta sani ba. Na tattara karta ina cakuɗawa, ba na ko ganinsu da kyau.

"Ina nan, tsoho," na ce. "Ka zo in sake tashinka."