Sunan da Barau Zai Fito da Shi Daga Ruwa

Shekarar da aka gama yaƙin basasa, Barau, wani manomin gyaɗa a ƙauyen Maguzawa bayan Ajingi, ya shiga uku a kan abin da ko jariri yake samu ba wahala: suna. Ranar Lahadi za a yi masa baftisma, kuma Malam Datti mai bishara, wanda ke zuwa daga Gaya a keke, ya ce ya zaɓi sabo daga Littafi Mai Tsarki.

Barau kuwa ba sunan ado ba ne. Duk 'ya'yan da mahaifiyarsa Kulu ta haifa kafin shi sun koma tun suna goye, shi ya sa aka raɗa masa Barau, wai mutuwa ta bar wannan. Ta kuwa bar shi har ya yi furfura.

"Sunan da ya ɓoye ka za ka yar?" in ji Kulu. "Mutuwa ta ji baƙon suna, ai leƙowa za ta yi."

"Inna, camfi ne," ya ce.

Amma duk da haka ya tare Malam Datti a hanya.

"Ga Ishaku," in ji malamin. "Ma'anarsa dariya."

"Malam, ka ga alamar dariya a nan?"

"Li'azaru fa? Ya mutu aka tashe shi."

"Wanda bai fara mutuwar ba nake nema."

"To Bitrus, dutse ke nan. Ka kwantar da hankalinka, Ubangiji ya san ka da kowane suna."

"Shi ya san ni ba komai, Malam. Ɗayar nake gudu."

Ranar Lahadi a kududdufi, ruwa iya ƙugu, Kulu na tsaye a baki ta riƙe haɓa. Malam Datti ya tambayi sunan.

"Bitrus," ya ce. Ya hango uwarsa, ya ƙara da sauri, "Bitrus Barau!"

"Kai," in ji malamin, "na biyun ai gurbin uba ne. Ka zama ɗan kanka ke nan?"

"A danna shi haka nan!" Kulu ta ɗaga murya. "In ta zo neman Bitrus, a ce mata ɗan Barau ne, gidan da ta saba wucewa."

Malam Datti ya danne dariya, ya danna shi cikin ruwa. Barau ya taso yana tari, ya shafa ƙirjinsa, ya ji komai na nan.