Faifan Da Yake Hutu

Takardar layi biyar ce, kuma Manaja ya riga ya ɗora biro a kanta don kada Injiniya ta wahala wajen nema. Abin da take cewa shi ne, farantan ƙarfe arba'in da aka walda a ƙafafun tankin ruwa sun fito da kaurin milimita goma maimakon goma sha shida, kuma kuskuren na wadda ta yi zanen ne. Kwafi ɗaya zai tafi wurin waɗanda suka ba kamfanin aikin, ɗaya kuma hukumar da ke ba injiniyoyi lasisi.

"Sa hannu kawai a wuce wurin," in ji Manaja. "Ɗan Adam ajizi ne."

"Kawu, na gyara zanen nan. Ranar Talata, makon jiya. Da hannuna na mayar da shi sha shida."

"A ofis ni Manaja ne."

"Yallaɓai Manaja, na gyara zanen nan."

Manaja yayan mahaifiyarta ne. Shi ya kafa kamfanin da injin walda guda da taurin kai, kuma har yau bai rabu da ko ɗaya ba. Duk zane-zanen kamfanin suna ƙarƙashin wata manhaja ce mai tsare su, wadda ke rubuta wa ya buɗe wane zane, yaushe, me ya canja. Masu sayar da manhajar sun ce a saya mata kwamfuta tata ta kanta, ta zauna a ciki. Manaja ya ji farashi, ya yi salati, ya sa aka girka ta a faifan ajiya na waje, wani ɗan baƙin abu kamar sandar sabulu da ake jonawa da waya a bayan kwamfutarsa. Aikin shekara tara na mutum shida yana lilo a bakin igiyar da ba ta kai kamu biyu ba, kusa da kofin shayinsa.

Ya juyo mata da fuskar kwamfutar. "Ga shi. Na'ura ba ta ƙarya, ba ta da dangi. Zanen faranti: milimita goma. Wanda ya taɓa shi na ƙarshe, ke, mako biyu da suka wuce. Makon jiya ko kallonsa ba ki yi ba."

Ta duba. Haka ne. Tana tune da ranar sarai: ta sake lissafin nauyin ruwa, ta ga goma ba zai ɗauka ba, ta gyara, ta adana, har ta ce wa abokin aikinta Baba Mai Zane Allah ya tsare. Yanzu ga na'ura tana kallonta ido cikin ido tana cewa mafarki ta yi.

"In ba ki sa hannu ba, sun ce za su ƙwace aikin. Mutum goma sha tara ke cin abinci a nan. Ko sai na kira uwarki ta yi miki bayani?"

"Kira ta. Ka gaya mata shekara bakwai na yi kafin in samu hatimin injiniyan nan, kai kuma kana so in sayar da shi a layi biyar."

Ta fita, ta bugo ƙofar har kalandar bango ta karkace.

A babban ɗaki Baba Mai Zane yana zaune gaban kwamfutarsa, tabarau a kan goshi. Tun zamanin fensir da rula yake zane, kuma ya karɓi kwamfuta yadda ake karɓar surukin da ba a zaɓa ba.

"Baba, ka tuna ranar da na gyara farantin nan?"

"Na tuna, 'yata. Amma kada ki kafa shaida da ni." Ya rage murya. "Kwanan nan kaina ba daidai yake ba. Sai in zana matakala in gama, in dawo Litinin in tarar ban zana ba. In sake. Wata Litinin kuma in tarar da ta farkon tana jirana. Ban gaya wa kowa ba. Har asibiti ɗiyata ta kai ni, likita ya ce in rage shayi."

Injiniya ta tsaya cak.

"Tun yaushe?"

"Wata guda da ɗoriya."

Ta ja kujera, ta buɗe rajistar manhajar gaba ɗaya, ba ta zane guda ba. Wannan makon: aiki cike. Makon jiya: babu komai. Ba ita kaɗai ba, duk ofishin, mutum shida ba wanda ya ja ko layi ɗaya. Makon da ya gabace shi: cike. Na kafin wancan: wayam. A faɗar na'urar da ba ta ƙarya, kamfanin nan mako guda yake aiki, mako guda ya mutu.

Ba ta ƙwanƙwasa ba da ta koma ofishin Manaja.

"Kawu, ina ɗayan?"

"Ɗayan me?"

"Faifan. Guda nawa ne?"

Fuskar Manaja ta washe, irin ta wanda aka daɗe ba a yaba wa dabararsa ba. Ya zaro mabuɗi, ya buɗe aljihun tebur, ya fito da wani baƙin faifan, sak na farkon, naɗe cikin hankici.

"Ba ke kika ishe ni ba? Kullum, Kawu a sayi na biyu, Kawu in wannan ya mutu mun mutu. To na saya. Mai shagon ya kwafe mini komai a ciki ranar. Kowace Litinin kafin ku iso nake canjawa. Wannan ya yi mako, wancan ya huta. Abu yana ta juyi yana zafi, ai ko gona ana barinta ta sha iska."

Akwai maganganun da tarbiyya ba ta yarda a faɗa wa yayan uwa ba, kuma duk sun taru a kan harshen Injiniya suna rige-rigen fita.

"Na ce a sayi na biyu don a riƙa kwafe aikin kullum a ciki. Kullum! Ban ce a raba musu kwana ba. Mako shida muna rubuta rabin aiki a nan, rabi a can. Na gyara a wancan, aka buga wa masu walda daga wannan. Baba yana can yana zaton ya fara ruɗewa!"

"Kada ki ɗaga mini murya. Na goya ki."

"Jona shi."

Ya jona, yana gunaguni. Manhajar ta ɗauki lokacinta, kamar ita ma tana jin kunya. Sai ga shi: zanen faranti, milimita goma sha shida, ranar Talata, ƙarfe sha ɗaya da minti takwas, da sunanta.

Manaja ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Lambar ba ta canja ba.

"To," ya ce a hankali, "ai ke ma da kin duba takardar da aka buga."

"Ranar da aka buga ka tura ni duba filin makaranta. Kai ka danna, kai ka miƙa."

"Duk da haka. Takardar nan dai sai an sa mata hannu. Ke yarinya ce, za su yi miki uzuri. Ni in aka ji wannan a gari, wa zai sake ba ni aiki?"

Nan ne abin ya kai mata iya wuya. Ta ciro hatiminta daga jaka, ta nuna masa, ta mayar, ta ja zif.

"Zane sittin da uku aka taɓa cikin makonnin nan. Akwai rufin ɗakin taro a ciki, akwai matakalar Baba da yanzu ta zama biyu. Ban san wanne ne daidai a hannun masu walda ba, kai ma ba ka sani ba. Ba mai iya tantancewa sai ni. Ba mai hatimi a gidan nan sai ni. In sunana ya fita a takardar can, ni ma na fita, ka zauna da tagwayenka su gaya maka."

Daga can bayan gini ana jin injin yankan ƙarfe yana cin wani abu, mai yiwuwa daidai, mai yiwuwa ba daidai ba.

Manaja ya jawo takardar. Ya ɗauki biron da ya tanadar mata, ya soke layi na huɗu, ya yi rubutu a samansa, ya sa hannu da ƙarfi har takardar ta huje. Ya tura mata ba tare da ya ɗago ba.

Ta karanta. Inda sunanta yake, yanzu an rubuta: kuskuren ya faru ne sakamakon matsalar na'ura.

"Na'ura," ta ce.

"Sunanki ya fita ko bai fita ba?"

Sunan ya fita. Ta leƙa ta taga ta ƙwala wa shugaban masu walda kira, ta ce a kashe komai, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Sannan ta kwashe faifan biyu daga teburin Manaja, har da igiyar, ta wuce da su.