Ƙahon da Ba Ya Kai Teku

Lorna tana cikin tambayar mijinta a waya ko an samu kifi, sai ƙahon hazo ya yi kuka a bayansa, kamar zai fasa mata kunne.

"Elwood, kana ina?"

"Ina kuwa? Ina teku mana."

Ta kashe wayar. A gidan ƙahon nan aka haife ta. Mahaifinta ne ya yi gadinsa har ya rasu, yana busa wa jiragen ruwa gargaɗi duk ranar da hazo ya rufe gaɓa. Amma tun da aka mai da gidan wurin yawon buɗe ido aka rage wa ƙahon murya, wai yana hana masu sababbin gidaje barci. Yanzu ko bakin tashar jiragen kukansa ba ya kaiwa, balle tsakiyar teku.

Dama ta daɗe tana lura. Mutum ya dawo daga kamun kifi ba ƙarni, sai ƙamshin kofi? Ga kuma Maxine, bazawarar da ke sayar da kofi a gidan, mai yi wa mazan mutane dariya kamar an biya ta. Biri ya yi kama da mutum. Lorna ta ja mota sai gidan ƙahon.

Ta tarar da Maxine tana goge tebur.

"Ina kika ɓoye shi?"

"Ni? In yi me da tsohon nan? Leƙa ɗakin inji."

Can ta same shi, baƙi sun kewaye shi, yana sanye da rigar masu gadi ta da, yana zuba musu labarin guguwa. Yana ganinta ya yanke labarin.

Ta ja shi gefe. "Ina jirgin?"

"Na sayar, Lorna. Tun ranar da hazo ya rutsa da ni, in na kama sitiyari hannuna rawa yake. Na rasa bakin gaya miki."

Da wata mace ce ta shiga tsakaninsu, da ta san abin yi. Tausayinsa ya kama ta, haushi kuma bai sake ta ba.

Wata baƙuwa ta miƙo mata waya. "Baiwar Allah, ɗauke mu hoto da shi mana. Ba kullum ake ganin jarumin teku na gaske ba."

Lorna ta dube shi, shi kuma ya dubi ƙasa. Ta karɓi wayar.

"Na gaske ne kam," in ji ta. "Ɗago kai, Elwood, kar ka ɓata wa mutane hoto."