Koren Fakiti a Kan Na'urar Gwaji

Tun da cif ɗin kwamfutar da suka ba da a ƙera ya dawo daga masana'anta, Liao Peishan ba ta ƙara jin ɗanɗanon abinci ba. Ɗan abu ne da bai kai farcen yatsa ba, amma ita ta zana hanyar da bayanai ke gudu a cikinsa zuwa ma'ajiya, ta zuba masa ƙuruciyarta kaf. Ga shi yana kunyata ta. Da safe yakan yi aiki lafiya lau, rana na ɗagawa sai kurakurai su cika allo jawur.

Manaja Kuo ya riga ya yanke hukunci: in ba a gyara ba kafin taron yamma, za a cire zanenta a sa na wani kamfani.

Ta zargi wutar da ke shiga cif ɗin, ta auna, ta sake aunawa. Ta zargi ma'ajiyar. A ƙarshe ta koma zargin kanta, wanda ya fi komai ciwo. Iskar garinsu Hsinchu na kaɗa tagogi, ita kuwa kamar ta fashe da kuka.

Yeh Tsunghan ya shigo da shayin madara a hannu ɗaya, koren fakiti a ɗayan. Yana bayanta a jami'a, kuma duk ofishin sun san yana son ta, bakinsa ne kawai bai furta ba. Kamar kowane injiniya a garin, ya yarda cewa na'ura ba ta gardama in an ɗora mata koren fakitin cincin masara mai kwakwa. Kore kawai, kuma ba a ci. Kullum kurakurai suka ƙaru, sai ya ƙara ɗora ɗaya, har na'urar gwajin cif ɗin ta koma kamar teburin mai kanti.

"Yaya, sha wannan. Kin rame, kin zama kamar wayar caji."

"Tsunghan, in ka ɗora wannan abin zan cusa maka shi a hanci."

"Haba Yaya! Sabo ne fa, na duba kwanan watansa. Wataƙila na ƙasan ne suka tsufa."

"Digiri biyu gare ka, kana ba injin cincin!"

"Ke ma ai kin ɗora lokacin jarrabawa. Na gan ki."

Abin ya kai mata wuya. Ta kai hannu ta share tulin gaba ɗaya, fakitoci suka watse a ƙasa. Ta ɗauki ɗaya ta farke, ta cika baki tana tauna da hawaye. Tsunghan ya dafe kai kamar an zagi kakansa.

Sai wata iska mai zafi ta bugi fuskarta. Daga ramukan saman na'urar take fitowa, ramukan da fanka ke fitar da zafi, waɗanda fakitocin suka toshe tun ranar farko. Ta taɓa murfin, ta janye hannu da sauri. Ta juya ga allo. Jan yana raguwa. Yana raguwa. Ya ɗauke.

Ba ta yi murna ba. Takaici ne ya kama ta, na duk ranakun da ta tsani aikin hannunta a banza.

"Kai ne," ta ce. "Kai ka dafa min cif."

Ya sunkuyar da kai, kunnuwansa sun yi ja. "Ban iya gyara zanenki ba, Yaya. Wannan kaɗai na iya yi miki."

Faɗan da ta tanada ya ƙi fitowa, wannan ma ya ƙara ba ta haushi.

"Jeka kira Manaja Kuo ya zo ya gani da idonsa. Da gudu!"

Ya kai ƙofa ya waiwayo. "Ko fakiti guda ɗaya, a gefe?"

"A ƙarƙashin tebur," ta ce, tana goge ido. "Kuma na rantse, in ya matso kusa da fanka, kai zan cinye."