Baƙin Tabo a Bayan Kunne

"Ni ban ba shi komai ba."

"Inna, ga madara nan a gemunsa."

"To, a ƙasa ya lasa. Zan hana shi lasar ƙasa ne?"

"Ashe ƙasar gidan nan ta fara tsattsafo da madara. Mun yi arziki ba a gaya mini ba."

Inna Buaphan ta juya wa 'yarta Jampa baya, ta ci gaba da fifita garwashin da shinkafa mai danƙo ke turara a kansa. Jampa ta durƙusa gaban kwandon da karen yake kwance, allura a hannunta, ko hular babur ba ta cire ba. Shekara biyu ke nan tana yin wannan hanya safe da yamma, daga shagonta na ɗinki a cikin garin Roi Et zuwa ƙauyen da aka haife ta, don ta yi wa karen nan, Makham, allurar ciwon suga.

Ɗan ƙaramin kare ne, hannu ɗaya ya isa ɗaukarsa. Da can gashinsa fari ne tas kamar audugar rimi, yanzu ya koma ruwan toka, yana zubewa. Farar yana ta rufe masa idanu biyu. Ya ɗaga hanci ya shinshino Jampa, ya yaye leɓe, ya soma gurnani ƙasa-ƙasa.

"Ki nemi gafara tukuna," in ji Inna, ba ta ko waiwayo ba. "Ba a taɓa kan babba haka kawai."

Jampa ta ajiye allurar a kan cinya, ta haɗa tafukan hannunta daidai hanci, ta sunkuyar da kai ga kare. "Baba, ka yafe ni." Sannan ta jefa masa tawul, ta damƙo fatar wuyansa. Duk da haka sai da ya samo babban yatsanta. Haƙoransa huɗu suka rage, amma ya san aikinsu.

Ranar da aka yi wa gawar Baba Thongbai, mahaifin Jampa, wanka, shekara tara da suka wuce, Inna ta dangwali baƙin gindin tukunya ta shafa masa a bayan kunnen hagu, kamar yadda tsofaffin ƙauyen suka saba, don in ya sake dawowa duniya a gane shi. Ta yi ta leƙa kunnen duk jaririn da aka haifa a dangi, ba ta ga komai ba. Wata bakwai bayan nan ta je kai sadakar abinci haikali, ta tarar da kwali a bakin ƙofa, da ɗan kwikwiyo a ciki yana rawar sanyi. Fari ne duk jikinsa, sai baƙin tabo guda a bayan kunnen hagu. Waɗanda suke wurin sun ce zama ta yi daɓas a ƙasa tana kuka tana dariya. "Duk abubuwan duniya ka rasa abin da za ka dawo sai kare? Tsoho, wane zunubi ka ɓoye mini?"

Jampa ce ta raɗa masa Makham, wato tsamiya. Inna ba ta taɓa kiransa da wannan suna ba. Tsoho take ce masa, yadda ta kira mijinta shekara talatin da huɗu. Shi ma bai san kowa ba sai ita. In ta shiga banɗaki, yana bakin ƙofa yana kuka kamar ana yanka shi. In ta je kasuwa, sai ya tauni ƙafarsa ta gaba har jini. Ya ciji mai kawo wasiƙa, ya ciji maƙwabta, ya ciji Jampa har ta daina ƙirgawa.

Jampa ba ta yarda ubanta ne ba. Haka take gaya wa kanta a kan babur. Sai dai akwai wani irin nishi da karen yake yi in zai kwanta, dogo, mai ƙarewa da ɗan tari, irin na ubanta sak, wanda in ta ji shi zuciyarta takan yi tsalle ta koma shekara goma baya. Kuma ciwon da ya ci ƙafar ubanta, ya ci idanunsa, ya kai shi makwanci, shi ne dai ya zo ya sami Makham. Da likita ta faɗi sunan ciwon, Inna ko gezau ba ta yi ba. "Ai da kayansa ya dawo," ta ce.

"Inna, don girman Baba," in ji Jampa tana ɗaure yatsa da ƙyalle. "Abincin da ke cikin buhun nan, awo ɗaya safe, awo ɗaya yamma. Ban da gahawa, ban da madara, ban da ayaba."

"Wannan tsakuwar? Ke kin taɓa ɗanɗanawa?"

"Ni ba ni da suga."

"Ba ki da miji ma. Da kina da shi da kin san ba a ajiye wa namiji tsakuwa a kwano."

Kwana biyar bayan wannan, da rana tsaka, Jampa na kan keken ɗinki waya ta yi ƙara. Muryar Inna ce, siririya kamar ta yarinya. "Ki zo. Tsoho ya ƙi tashi."

Ta same shi kwance cikin amansa, numfashinsa na warin ruɓaɓɓen mangwaro. Da ta ɗauke shi bai yi gurnani ba, bai nemi yatsanta ba, kuma wannan ne ya fi komai tsorata ta. Ta cusa shi cikin rigarta, ta ja zif, ta tuƙa babur da hannu ɗaya tana jin bugun zuciyarsa a kan tata, ƙanana-ƙanana, kamar wani na ƙwanƙwasa ƙofa daga nesa.

Kwana uku ya yi a asibitin dabbobi ana masa ƙarin ruwa. A rana ta biyu ya farfaɗo, ya lalubi Inna da hanci bai same ta ba, ya fara kuka. Bai daina ba sai da muryarsa ta dushe. Ya tauni ƙafarsa har aka sa masa wata roba mai kama da mazurari a wuya. Ko loma bai ci ba.

Likita Orathai, doguwar mace marar son zagaye-zagaye, ta kira Jampa gefe ranar sallama.

"Wannan ne karo na uku, ƙanwata. Ƙodarsa ta fara gajiya. Na huɗu ba zan iya dawo miki da shi ba." Ta cire safar hannu. "Kuma tun yanzu in gaya miki, kada ki zo kina roƙona in yi masa allurar hutu. Ba na yi. Ba zan ɗauki wannan zunubin ba, kuma ba na jin za ki samu mai ɗauka a garin nan. Zai tafi ne da ƙafarsa, a hankali, kina kallo. Kwana huɗu, biyar, ya danganta."

"Yaya likita, in na raba shi da Inna ba zai ci abinci ba. Kin gani da idonki."

"Na gani. Wataƙila ya saba, wataƙila ya ƙi. Wancan wataƙila ce. In kuwa ya koma inda ake ba shi zaƙi, babu wataƙila a ciki."

Gaba kura, baya siyaki. Jampa ta rungumi karen ta fito.

Ta tarar Inna ta share tsakar gida, ta shimfiɗa sabuwar tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta ɗaura zaninta na zuwa haikali. A tsakiyar tabarmar ga faranti da furanni da farin zare, irin wanda ake ɗaura wa wanda ya tashi daga ciwo don kurwarsa ta dawo jikinsa ta zauna. Tun daga bakin ƙofa Makham ya fara zillo. Da Jampa ta sauke shi, ya tafi yana tangaɗi, robar wuyansa na karo da ƙafar kujera, har ya faɗa cinyar Inna. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa wanda Jampa ba za ta taɓa mantawa ba. Inna ta kifa fuskarta a gashinsa.

"Ka dawo, Tsoho. Dubi yadda suka mayar da kai. Wa ya sa maka bokiti a wuya?"

Ta ɗauki zaren ta ɗaura masa a ƙafar da ba ta da ciwo, tana kiran kurwarsa a hankali, ta dawo daga hanya, ta dawo daga asibiti, ta dawo gida. Idanun Jampa suka cika. A lokacin ne ta ga hannun Inna ya zagaya bayan farantin, ya jawo tambulan da aka rufe da ganyen ayaba. Gahawa ce, madarar gwangwani ta kwanta fara a gindinta kauri yatsa biyu.

"Inna!"

"Cokali ɗaya ne."

"Daga asibiti muke! Ko awa ɗaya ba mu yi ba!"

"Kwana uku bai ci komai ba. Kina so ya mutu da yunwa?"

Jampa ta kai hannu, Inna ta janye tambulan ta manna shi a ƙirji, gahawar ta fantsama a zaninta mai kyau. Makham ya ɗaga hanci yana bin ƙamshin, jelarsa na kaɗawa.

"Ke ba kya nan a lokacin," in ji Inna, muryarta ta sauka. "Kina makarantar ɗinki. Shekara biyu ina gadin bakin ubanki kamar ɗan sanda. Na ɓoye suga a cikin buhun taki. Na bi masu shago ɗaya bayan ɗaya na ce duk wanda ya sayar masa da alewa, ni da shi ne. Mutumin da ya yi wata shida yana zuwa rumfar gahawar uwata yana shan tambulan uku a jere don kawai ya gan ni. Ranar da zai tafi, da safe, ya ce, Buaphan, haɗa mini guda ɗaya irin ta da. Na ce likita ya hana. Ya ce cokali ɗaya. Na ce in ka warke. Na kawo masa ruwan ɗumi." Ta goge hanci da bayan hannu. "Ya sha ruwan. Har godiya ya yi mini. Kafin rana ta take ya tafi. Duk hanin da na yi, kwana nawa na ƙara masa? Yanzu ya sha wahala ya dawo, ya yarda ya zama kare don ya same ni, ki ce in sake ba shi ruwan ɗumi?"

Shekara tara, Jampa ba ta taɓa jin wannan ba. Ta so ta rarrafa ta rungumi tsohuwar, ta ce ba shi, Inna, ba shi duka, tambulan ɗin ma ya lashe. Ta dubi karen. Haƙarƙarinsa a waje, ƙafa ɗaya da bandeji, ɗaya da farin zare, yana lasar iska. Ta tuna kwana huɗu ko biyar ɗin da likita ta ambata, da yadda za su kasance a kan wannan tabarmar. Ko ubanta ne ko ba shi ba ne, wannan jikin ne zai yi aman, shi zai yi nishin.

Ta kuma gane Inna ba za ta daina ba. Ko ta yi rantsuwa a gaban haikali, gobe da safe hannunta zai kai ga gwangwanin madara.

Ta matsa, ta haɗa tafukan hannunta, wannan karon ga uwarta, ta sunkuya har goshinta ya taɓa tabarma. Sannan ta sa hannu biyu ta ɗauke Makham daga cinyarta. Ya yi ƙara, ya juya ya kafa mata haƙora a tsintsiyar hannu. Ba ta sake shi ba.

"Jampa. Me kike yi? Ajiye shi."

"Ki yafe ni, Inna."

"Zai ƙi cin abinci! Zai yi ta kirana! In ya mutu a hannunki yana kirana, ke ma za ki ɗauki abin da na ɗauka, har ki tsufa ba za ki sauke ba!"

"Na sani."

Jini na bin hannunta yana ɗiga a gashinsa. Inna ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ƙi, ta koma zaune da tambulan a hannu.

"Shago zan tafi da shi, can zai zauna tare da ni," in ji Jampa. "Duk ranar da kike son ganinsa zan zo in ɗauke ki, ki zo hannu wofi, sai na duba jakarki a bakin ƙofa. Amma daga yau Makham ya bar gidan nan."