Faifan Bikin Zulai'atu

Cindo ya iso Yelwa da hantsin Asabar, faifai ɗaya naɗe cikin hankici a aljihunsa, zuciyarsa kuwa tana tafasa tun daga Wara. Shekara goma sha tara yana tuƙa jirgin ruwa mai inji a tabkin Kainji, ko kwando bai taɓa zubarwa ba. Sai ranar da za a kai amarya Zulai'atu ƙetaren tabkin, jirgin ya yi nauyi, ya karkace kusa da gaɓa. Allah Ya tsare rayuka, domin ruwan wurin bai wuce ƙirji ba, amma akwatunan amarya da katifa da buhunan shinkafa duk sun jiƙe sharkaf. Alhaji Basiru, kawun ango, ya tsaya gaban ƙungiyar masu jirage ya ce Cindo ne ya yi lodin da ya fi ƙarfin jirgi. Aka hana Cindo tashar ruwa har sai an zauna ranar Litinin.

Shi kuwa Cindo ya san Alhajin ne ya matsa a ƙara kaya. Mai ɗaukar bidiyon bikin yana tsaye a gaɓa lokacin lodi, don haka ya aro faifan wurin uwar amarya. Na'urar maƙwabcinsa ta ƙi karanta shi, shi ya sa ya nufo gidan Ishaya, abokinsa tun firamare, wanda ke koyar da lissafi a wata sakandare. Ishaya ya haɗa kwamfuta da babbar talabijin da lasifika huɗu a falonsa, kuma duk wanda ya shigo sai ya sha labarinta.

"Kwantar da hankalinka," in ji Ishaya. "Babu faifan da ya taɓa gagarar ta."

Da farko abin ya tafi daidai. Ga mata suna guɗa, ga makaɗa. Ana isowa gaɓar ruwa sai hoton ya fara sarƙewa. Alhaji Basiru ya ɗaga hannu ya ƙame, fuskarsa ta tarwatse ta koma 'yan murabba'ai kore da ja, murya na gaba hoto na baya, sai ga jirgi ya riga ya bar gaɓa.

"Mayar da shi baya," in ji Cindo.

Aka mayar. Wuri ɗaya ya sake tsallakewa.

"Wanga shi ne injin da kake cika muna kunne da shi? Tun daga Wara na baro iyalina don in kalli kan Alhaji yana farfashewa?"

Ishaya ya tashi. Ya fiddo faifan ya ɗaga shi wajen taga. Duk shatin yatsu ne da maiƙo, ga wata karta doguwa a gefe. Ya wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, ya shafa man goge baki a kan kartar, ya goge da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Aka sake sawa. Yanzu ya daina tsallake, amma mutane na tafiya kamar ana fizgarsu da igiya, maganar kuma ba ta fita.

Cindo ya miƙe yana kai da kawowa. "Alhajin ga, mutumin da tun muna yara nake kai mai kaya kasuwar Wara. Ya dube ni gaban mutane ya ce ban san aikina ba. Ni. Ɗiyana sun je makaranta ana ce masu ubansu ya nutsar da kayan amarya."

"Zauna, kana tare mini haske."

"Ba ni zama."

Ishaya ya taɓa bayan kwamfutar ya ji zafi rau. Ya kashe ta, ya kwance murfin, ya hure ƙurar da ta toshe fankar ciki, ya juyo fankar falo ta fuskance ta. Da ya kunna, ya rufe duk wasu abubuwa da ke aiki a ɓoye suna cinye mata ƙarfi. Sannan ya ce maimakon su kalla daga faifan, zai kwafe bidiyon gaba ɗaya cikin kwamfutar, ta yi ta maimaita karanta wurin da ya karce har ta samu. Kwafewar ta ci kusan awa guda. Cindo ya je masallaci ya yi azahar ya dawo, aka kawo masa tuwo ya ce ya ƙoshi.

Da aka kunna, hoto ya tafi sumul, murya ta hau bakin mai ita. Ga Cindo a cikin jirgi yana girgiza kai, ana jin sa sarai yana cewa kaya sun isa, a bar sauran sai sawu na biyu. Ga Alhaji Basiru yana daka wa masu dako tsawa su ɗora buhunan, yana cewa amarya ba za ta shiga gidansu da rabin kaya ba.

"Ka gani?" Cindo ya bugi cinyarsa. "Ka ji da kunnenka?"

Bidiyon bai tsaya nan ba. Wani maroƙi ya matso bakin ruwa ya fara wasa Cindo, yana kiran sunan ubansa da kakansa, yana cewa ruwa bai taɓa kunyata gidansu ba. Sai ga Cindo yana dariya. Ya miƙa hannu da kansa ya jawo buhu biyu, ya kuma yafito a turo babur ɗin ango.

Ishaya ya tsayar da bidiyon. Wallahi Cindo ya manta da wannan, ko kuwa ya ƙi tunawa.

"Ana iya yanke ƙarshen?" ya tambaya, bai dubi abokinsa ba.

"Ana iyawa. Amma ba a falona ba."

"Ashe kai ma nasu ne."

"Naka ne ni, shi ya sa. Faifan ga ba kai kaɗai ke da shi ba, dangin ango ma suna da nasu."

Cindo ya fita ya tsaya ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, yana zagin maroƙin, yana zagin Alhaji, yana zagin kansa. Da ya gaji ya dawo ya ce a zuba masa duka a sabon faifai, kada a rage komai.

Ranar Litinin aka kalla a ofishin ƙungiya da aron talabijin. Alhaji Basiru ya tashi tun kafin a kai rabi, ya ce yana da baƙi. Shugaban ƙungiya ya ce laifi na mutum biyu ne, amma mai jirgi shi ke da ta cewa a kan jirginsa, don haka Cindo zai huta ranakun kasuwa biyu bai hau ruwa ba.

Bai gode wa kowa ba. Ya jawo jirgin kan tudu ya toshe inda ke yoyo, ya sayo jan fenti ya ja layi a jikinsa ta waje daga kai har gindi. Ranar da ya koma ruwa, wata mai buhunan gero ta roƙe shi ya ƙara mata ɗaya. Ya leƙa ya ga ruwa ya taɓa layin, ya ce ta jira sawu na biyu, ya ja injinsa.