Hannun Hagun Sajan Loretta

Tun farkon sanyi bindigar Loretta Brandvold take cijewa, kuma tun farkon sanyin ba a sami mutum ɗaya a garin nan da ya yarda laifin bindigar ne ba.

'Yar ƙarama ce, irin wadda ake kira ashirin-da-biyu, harsashinta bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Aikin da aka ɗora mata ma ba shi da yawa. Ta harba, murfinta na sama ya ja baya ya tofar da kwanso, ya dawo da sabon harsashi, shi ke nan. To wannan ɗan aikin ne ya gagare ta. Sai ta yi ta tafiya lafiya lau har mutum ya saki jiki, sannan kwanso ya maƙale a bakin murfi yana leƙen sama, bindiga ta mutu a hannu. Loretta ta kai ta wurin mai gyara, ya jujjuya ta ya ce harsashin ne ba shi da kyau. Ta je wurin mai sayar da harsashi, ya ce mai ne ya yi mata yawa. Ta rage mai, ba ta canza zani ba. Da ta buga wa kamfanin da ya ƙera ta waya, wani mai zaƙin murya ya ce ai sabuwa ce, ta ƙara haƙuri za ta ware. Sannan ya tambaye ta cikin ladabi ko tana sakin wuyan hannunta in ta harba, don wai yawanci mata haka suke yi.

Wannan tambayar ce ta tsaya wa Loretta a wuya. Matar da ta yi aikin 'yan sandan gunduma har ta yi furfura ta ajiye, wadda har gobe ba a kiranta da wani suna sai Sajan, wadda rabin 'yan sandan da ke sintiri a wannan yanki na jihar Wisconsin ita ta koya musu riƙon bindiga, yau ita ake tambaya ko hannunta na rawa. Ta kashe wayar ba sallama.

Duk Asabar da hantsi ake haɗuwa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na kulob ɗin mafarauta ana gasar harbi, tun daga faɗuwar ƙanƙarar farko har narkewarta. A ƙarshen sanyi mutum huɗu mafi yawan maki su ne suke wakiltar kulob a gasar jiha. Bana uku sun riga sun kama wurinsu, saura kujera ɗaya, kuma tsakanin mutum biyu take: Loretta da Duane Hruska mai sayar da tayoyin tarakta. Shi Duane ko ya rasa bana akwai baɗi. Ita kuwa likita ya sa mata ranar aikin kafaɗa bayan bikin Ista, ya kuma gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa daga nan ta gama miƙa hannu da nauyin ƙarfe. Tana son kujerar nan ƙwarai, ba ta kuma jin kunyar faɗa.

Duane ba mugu ba ne, baki ne da shi kawai, kuma bakin ba ya gajiya. Duk ranar da bindigar ta cije, zai jira sai an hau sama shan kofi da cin tsiren naman barewa, sannan ya riƙe wuyan hannunsa ya langaɓar da shi kamar jiƙaƙƙen tsumma.

"Sajan, bindiga tana son ta ji an riƙe ta ne. Ki riƙa shan madara."

Sai a yi dariya, har da waɗanda ita ta koya wa ɗana bindiga. Ita kuwa sai kofin takardar da ke hannunta ya lanƙwashe.

Abin haushin shi ne, gasar tana da maganin wannan matsalar. Da hannu ɗaya ake harbi, na hagu yana cikin aljihu. In bindiga ta cije maka a tsakiyar zagaye, sai ka tsaya cak, bakinta na kallon gaba, ka zaro hannun hagu ka ɗaga sama. Alƙalin fili zai zo ya duba da idonsa. In ya ga ita ce ta gaza, sai ya faɗa kowa ya ji, a ba ka damar sake zagayen. Amma in ka kuskura ka taɓa ta, ko da ɗan yatsa ne, ka ɓata shaida, duk harsashin da bai fita ba an rubuta maka sifili. Dokar ba ta da wuya, duk wani mai sayar da taya zai iya bin ta.

Loretta ce ba ta iyawa. Abin da ta shekara da shekaru tana dasawa a kan sababbin 'yan sanda kishiyar wannan ne. Bindiga ta cije, ka doki gindin gidan harsashi, ka ja murfi baya, ka ci gaba da harbi. Kada ka kalle ta, kada ka yi tunani, kada ka nemi kowa, don a bakin titi babu mai zuwa. Har tsawa take yi wa wanda ya tsaya kallon bindigarsa, ta ce ya je ya zaɓi akwatin gawarsa tun da wuri. Ita kanta abin ya shige mata jiki har ya fi ƙarfinta. Duk sanyin nan, duk lokacin da bindigar ta cije, kafin alƙali ya waiwayo hannunta ya gama gyarawa, kwanso na ƙasa yana birgima. Shi ya sa ba wanda ya taɓa ganin cijewar da idonsa, sai labari.

Alƙalin filin kuwa ƙanenta ne, Orville, wanda ita ta riƙa kai shi makaranta a bayan kekenta. Mutum ne mai tsoron a ce ya yi son kai, har ya fi matsa wa 'yar'uwarsa a kan kowa. Ana saura mako ɗaya gasar ƙarshe ya zo gidanta share mata ƙanƙarar ƙofar gareji, ya roƙe ta ta ari bindigarsa. Ta ƙi. Ta ce in ta ci da bindigar aro, Duane zai ce dama hannun bai iya da waccan ba ne. Da wannan 'yar banzar za ta shiga, in ta cije kuma za ta ɗaga hannu, shi Orville ya zo ya faɗa da bakinsa a gaban kowa cewa laifin bindiga ne. Ya dube ta ya ce, "To Yaya, ki ɗaga ɗin."

Ta yi ƙoƙari, wannan kam ba mai ƙwace mata. Makon nan kaf tana tsaye a kicin, hannun dama a miƙe da bindiga ba harsashi, tana cewa "ta cije" tana ɗaga na hagu sama kamar 'yar aji ɗaya mai neman izinin fita. Karenta ya gaji da kallo ya koma falo. Har dabara ta yi, ta sa makullin mota a aljihun hagu ta damƙe shi, don hannun ya sami abin yi.

Ranar Asabar ɗakin ya cika, har da waɗanda ba sa harbi, sun jeru a baya da abin toshe kunne. A zagayen farko, wanda ake harbi a tsanake, Loretta ta bar Duane a baya. A na biyu ya ɗan matso. Bindigar tana tafiya sumul, kai ka ce ba ita ba ce. Aka zo zagayen sauri, harsashi biyar cikin daƙiƙa goma, kuma ko rabin abin da ta saba ta samu, kujera tata ce.

Orville ya ba da umarni, allunan saiti suka juyo da fuskarsu. Ta harba na ɗaya, ta harba na biyu. A na uku kunama ta yi lakwas, kwanso ya tsaya a bakin murfi.

Ta ji ƙarar makullin mota a kan siminti. Wannan ne kawai ta ji. Kafin ƙarar ta mutu hannun hagu ya doki gindin bindiga, ya ja murfi, kwanso ya yi tsalle, harsashi mai rai ya bi shi ƙasa. Ta dawo kan saiti daidai lokacin da allunan suka juya mata gefe, daƙiƙa goma sun cika. Aiki ne mai tsabta, da a filin horo ne da ta sa an tafa wa mai shi. Sai a sannan hannun ya tashi sama, a makare.

Orville ya zo a hankali, kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Ya dubi bindigar, ya dubi makullin a ƙasa. Ya ce ta sauke hannun, ta cire gidan harsashi ta ajiye.

"Ka gani ai," in ji ta. "Kana bayana, Orville. Ka ga kwanson."

"Na ga hannunki a kanta, Yaya."

"Kafin nan fa?"

"Kafin nan ba a tambayata. Abin da na tarar ake tambayata, kuma lafiyayyar bindiga na tarar."

Ta cire abin toshe kunnenta ta jefa kan tebur. Ta gaya masa maganganu a gaban mutane, wasu ma ba su shafi harbi ba. Ta ce wanda ya rubuta wannan dokar bai taɓa tsayawa a gaban mai son kashe shi ba. Ta ce wasan yara ne suke yi a ramin nan, manya da su, a koya wa mutum ya tsaya da matacciyar bindiga yana jiran a zo a cece shi. Ta tuna masa wanda ya share masa majina yana ƙarami. Kunnuwan Orville suka yi ja. Da ta gama ya rubuta sifili uku a gaban sunanta, hannunsa ko gezau. Aka tara maki, Duane ya wuce ta.

Da Duane ya yi shiru a nan, da an tashi lafiya. Amma ya zo har teburinta yana goge gilashinsa, ya ce wallahi bai so a ƙare haka ba, ya so a ce gumi da gumi ya ci ta. Gaskiya yake faɗa, har cikin ransa. Sai kuma bakin ya ƙwace masa, ya ƙara da cewa in an gyara kafaɗar, ta sa likita ya ɗan ɗaure wuyan hannun ma.

Loretta ta tura masa bindigar a kan tebur da gidan harsashi biyu.

"Ga ta nan. Kai da ka sha madara, nuna mana."

Ya so ya zille, mutane suka ce a'a, ai sai ya nuna. Orville ya yi ajiyar zuciya ya ce kowa ya mayar da abin kunnensa. Duane ya tsaya, ya gyara ƙafa, ya sa hannun hagu a aljihu. Biyar na farko suka fita tas, ɗaya bayan ɗaya, ya waiwayo yana murmushi. Loretta ta ji kamar ta haɗiye garwashi. Ya sa gida na biyu, allo ya juyo, ya harba ɗaya, ya ja kunama a na biyu, shiru.

Kwanso na tsaye a bakin murfi, yana sheƙi a ƙarƙashin fitila, kowa na gani.

Duane bai ko yi tunani ba. Ya tsaya cak, bakin bindiga na kallon gaba, ya zaro hannun hagu ya ɗaga sama, a miƙe, cikin natsuwa. Ba gasa ake ba, babu makin da zai samu ko ya rasa, amma haka jikinsa ya saba. Shi ma Orville abin da ya saba ya yi. Ya tako, ya sunkuya, ya leƙa, ya duba riƙon Duane, ya duba kwanson, sannan ya miƙe ya faɗa da muryar alƙali, yadda na bayan ɗaki ma zai ji.

"Laifin bindiga ne. Mai harbi ba shi da laifi. An ba shi damar sakewa."

Sai da maganar ta gama fita ya ji abin da ya faɗa. Ya juyo wajen yayarsa, bakinsa a ɗan buɗe.

Maganar da ta jira duk tsawon sanyin nan ke nan, kalma da kalma, daga bakin da ta so, a gaban mutanen da ta so. Ba wanda ya yi dariya. Duane ya sauke hannunsa a hankali, ya rasa inda zai sa shi.

Loretta ta sunkuya da ƙyar, kafaɗar na ja mata, ta ɗauki makullin motarta daga ƙasa da hannun hagu. Orville ya ce, "Yaya, bindigarki fa?"

"Ba wa Duane ya sake harbin," in ji ta, ta kama hanyar matakala.